DAGA BAKIN ANTINKU: Waƙar Da Ta Bi Frankie Har Kabari

Wasiƙunku suna isowa, kuma ina bin su ɗaya bayan ɗaya, don haka wadda ba ta ga amsarta ba tukuna ta ƙara haƙuri, layi ne bai zo kanta ba.

A cikin na wannan karon akwai guda ɗaya da ta tsaya mini a rai. Wata ƙanwata ce 'yar aji biyar a makarantar kwana ta rubuto. Ta ce sun ɗan sami saɓani da ƙawarta a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, sai 'yan ɗakinsu suka ƙaga mata waƙar habaici. Da fari baiti biyu ne kacal, ana yi ana shewa. Amma kafin zangon karatu ya ƙare waƙa ta zagaye makaranta, kowane ɗaki da irin tasa, har an cusa abubuwan da ko a mafarki ba ta taɓa aikatawa ba. Ta ce yanzu ko ɗakin cin abinci ba ta son shiga, har tana tunanin ta roƙi Babanta ya canza mata makaranta. Ta rufe da cewa, "Anti don Allah yaya zan yi in tsayar da waƙar nan?"

Na daɗe riƙe da takardar nan ina juya ta. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne wata tsohuwar waƙar mutanen Amurka wadda na jima ina bin sawunta, domin ita ma a kan mace aka yi ta, mace mai rai da jini, ba ta cikin tatsuniya ba. Sunan waƙar "Frankie and Johnny". To yau mu ajiye maganar girki da kwalliya, ku gyara zama in ba ku tarihinta, in mun kai ƙarshe sai in ba ƙanwata amsa.

ABIN DA WAƘAR TAKE CEWA

Ga labarin da ke cikinta kamar yadda akasarin Amurkawa suka san shi. Frankie mace ce da ta mutu a kan son wani saurayi mai suna Johnny, tana kashe masa kuɗi, tana yi masa sutura ta kece raini. Wata rana ta fita nemansa, ta leƙa mashaya ta tambayi mai sayar da giya ko ya gan shi. Shi kuwa uban 'yan gulma ya ce ai bai daɗe da fita da wata ba. Nan take kishi ya rufe mata ido, ta ɗauko bindiga ta bi sawu har otal ɗin da suke, ta ɗirka masa harsashi uku. Daga nan sai gawa, sai maƙabarta, sai kotu. Kowane baiti kuma yana ƙarewa da amshi guda mai jaddada cin amanar da aka yi mata, amshi mai saurin kamawa, irin wanda ko yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe shi ke nan.

An ɗauki waƙar nan a faifai fiye da sau 200. Manyan mawaƙa irin su Louis Armstrong da Elvis Presley da Bob Dylan duk sun rera ta, har Stevie Wonder ya yi ta a 1962 tun yana ɗan yaro. Abin da ya fara jan hankalina shi ne ranar da na saurari guda uku a jere, sai na tarar babu wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. A wannan an kashe Frankie, a waccan an sake ta, a ta ukun ma sunan saurayin daban ne. Sai na ce to, ruwa ba ya tsami banza, bari in nemo tushe.

ABIN DA YA FARU A ST. LOUIS

St. Louis babban birni ne a jihar Misuri, a bakin kogin Misisipi. A shekarar 1899, wato shekara 34 bayan an soke bauta a Amurka, akwai wata unguwar baƙaƙen fata a birnin mai cike da gidajen rawa da mashaya da makaɗa. A gida mai lamba 212 kan titin Targee wata baƙar fata take zaune mai suna Frankie Baker, shekarunta ba su wuce 23 ba. Ba zan ɓoye muku ba, zaman kanta take yi. Saurayinta sunansa Allen Britt, ɗan shekara 17, makaɗin fiyano ne, iyayensa ma a kan titin suke. Babu aure a tsakaninsu, zama ne dai irin na bariki.

A daren 14 wayewar 15 ga watan Oktoba, Allen ya fita shaƙatawa da wata budurwa mai suna Alice Pryor. Frankie ta gan su tare, aka yi cacar baki, ta koma gida ita kaɗai ta kwanta. Can dare ya raba sai ga shi ya shigo. A faɗarta gaban hukuma, tasowa ya yi mata da wuƙa, ita kuma ta zaro bindiga daga ƙarƙashin matashi ta harba sau ɗaya, harsashi ya same shi a ciki. Aka kwashe shi zuwa asibitin birni, bayan kwana 4 ya cika, ranar 19 ga wata.

An kama ta, an yi bincike, a watan Nuwamba kotu ta sallame ta bisa cewa kare kanta ta yi. Ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa har bindigar aka mayar mata.

To 'yan matana, ku riƙe abubuwan nan da kyau don za mu dawo kansu. Harbi ɗaya ne, waƙa ta ce uku. A ɗakinta ne, a kan gadonta, waƙa ta ce ita ta bi shi otal tana farautarsa. Wuƙar da aka ce ya zaro kuwa, ku nema a cikin waƙar da aka fi sani, ba za ku same ta ba. Kotu ta wanke ta, mawaƙa da yawa kuma suka yanke mata hukuncin kisa.

YADDA ALLEN YA ZAMA ALBERT, ALBERT YA ZAMA JOHNNY

A birnin akwai wani mawaƙin bakin titi mai suna Bill Dooley, irin mutanen nan da abu zai faru da safe, kafin yamma sun mai da shi waƙa. Shi ake danganta wa ta farko, wadda ta fito ba da jimawa ba bayan harbin, kuma sunan da ya sa mata kawai shela ce cewa Frankie ta kashe Allen. A wancan zamani babu rediyo balle talabijin. Waƙa a baki take tafiya, bakin ma'aikatan jiragen ruwa na Misisipi, da leburorin layin dogo, da makaɗan gidajen rawa. Wanda ya ji a nan ya kai can, abin da ya manta a hanya ya cike gurbin da nasa.

Sunan yaron ne ya fara sauyawa. Abokansa Al Britt suke kiransa. Ku gwada faɗin "Al Britt" da sauri sau uku ku ji me zai fito. Albert ke nan! Haka waƙar ta koma "Frankie and Albert", kuma har yau akwai masu rera ta da wannan suna.

Daga nan sai masu neman kuɗi suka shigo. A lokacin sana'a ce babba a buga waƙa a takarda tare da alamomin kiɗanta a sayar, mutane su saya su je gida su kaɗa a fiyano. A 1904 wani farar fata marubucin waƙoƙi, Hughie Cannon, ya buga karin waƙar ya sa sunansa a matsayin mai ita, ya kuma canza wa mamacin suna zuwa Bill Bailey, sunan da ya riga ya yi amfani da shi a wata waƙarsa da ta karɓu. A 1908 wasu 'yan'uwa biyu 'yan wasan dandamali masu yawo gari-gari, Frank da Bert Leighton, suka fitar da tasu. A 1912 suka sake buga ta tare da wani mai suna Ren Shields, a nan ne aka raɗa wa saurayin Johnny, kuma sunan ya zauna daram.

Ita ma budurwar da aka yi rigimar a kanta ba ta tsira ba. Alice Pryor ta koma Alice Fry a bakin wasu, daga baya ta koma Nellie Bly. Abin dariya, Nellie Bly suna ne da wata shahararriyar 'yar jarida take rubutu da shi, wadda ta zagaye duniya cikin kwana 72 tsakanin 1889 da 1890. Baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, sai ga sunanta a waƙa a matsayin mai ƙwace saurayin wata, don kawai sunan ya saba da bakin mutane kuma yana hawa kari.

A 1925 wata malama mai tattara waƙoƙin gargajiya, Dorothy Scarborough, ta buga waƙar a littafinta da sunan Albert. A 1927 mawallafi Carl Sandburg ya buga ta a nasa littafin da sunan Johnny. Kun ga ke nan ta yi rassa biyu. Na Albert ya fi yawa a bakin baƙaƙen fatar kudancin Amurka, kuma ya fi nauyi da ban tausayi. Na Johnny shi ne na dandamali da gidajen wasa, wanda ake yi da raha ana tafi, kai ka ce ba ran mutum ne ya salwanta ba.

KOWANE TSUNTSU KUKAN GIDANSU YAKE YI

A nan ne labarin ya fi ba ni mamaki, domin in kin jera faya-fayan kina saurare, kowane mawaƙi halinsa da zamaninsa za ki ji, Frankie kuwa ta zama kamar 'yar tsana, kowa ya sa mata rigar da ya ga dama.

A 1928 wani manomi daga jihar Misisipi, John Hurt, ya ɗauki tasa da jita, cikin murya mai sanyi kamar mai rarrashin jariri. A wurinsa Frankie yarinyar kirki ce wadda kowa ya shaida, ta zuba kuɗi ta ɗinka wa Albert kwat, shi kuma ya saka mata da sharri. Shekara guda bayan haka, a 1929, Jimmie Rodgers, farar fata tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya yi tasa da sunan Johnny. Shi a tasa kujerar lantarki ce take jiranta, wato kujerar da ake ɗaure mai laifi a kai a sakar masa wuta har ya mutu. Wasu kuma rataye ta suka yi, wasu suka jefa ta kurkuku, kaɗan ne suka bari alƙali ya sake ta kamar yadda ya faru a gaske.

Wadda ta fi taɓa mini zuciya ita ce ta Lead Belly, wani baƙar fata da masu tattara waƙoƙi suka fara ɗaukar muryarsa a gidan yari a shekarun 1930. Shi ne ya tuna cewa yaron nan yana da uwa. A tasa, bayan harbin Frankie ta je wurin mahaifiyar Albert ta durƙusa tana kuka tana neman gafara, uwa kuma tana kukan ɗanta. Duk sanda na ji wannan sai jikina ya yi sanyi, domin a nan ne kawai waƙar take tsayawa ta dubi abin da aka rasa.

Da zamani ya ci gaba sai kayan cikin waƙar ma suka ci gaba. A ta Sam Cooke wadda ta fito a 1963, kwat ɗin nan da aka ɗinka wa saurayi ya zama har da motar gayu. Kun ji ƙarin gishiri! Shi kuwa Johnny Cash a 1958 juya labarin ya yi gaba ɗaya. A tasa Johnny makaɗi ne mai yawon wasa, ya je wani gari ya ga wata mai jan gashi ya fara yi mata daɗin baki, sai ta wanka masa mari. Ashe 'yar'uwar Frankie ce ta zo gwada shi! Babu bindiga, babu gawa, ɗan'uwanku ya koma gida da kumatu mai zafi da hankali a jikinsa. Ni dai a cikinsu duka wannan ce na fi so a ce ita ce ta faru.

Masu fim ma ba a bar su a baya ba. A 1933 tauraruwa Mae West ta rera waƙar a wani fim nata da ya yi tashe ƙwarai. A 1936 kamfanin Republic ya fitar da fim sukutum a kan labarin, wata farar fata Helen Morgan ta fito a matsayin Frankie. A 1966 Elvis Presley ya fito a nasa, inda aka mai da su mawaƙa a cikin jirgin ruwa na Misisipi. A can ma an yi harbin, amma harsashin ya daki wani ɗan abin wuya na sa'a da Frankie ta ba shi, ya tashi garau, aka rungume juna, fim ya ƙare. Kai, har a bangon majalisar dokokin jihar Misuri wani mai zane, Thomas Hart Benton, ya zana harbin a 1936, ya kuma zana shi a cikin mashaya kamar yadda waƙa ta kawata, ba a ɗakin da abin ya faru ba.

MASU CEWA WAƘAR TA GIRME TA

Akwai masanan da suka ce a'a, waƙar ta riga Frankie Baker. Shi Sandburg ya ce an san ta tun kafin 1888, wasu suka kai ta har lokacin yaƙin basasar Amurka, suka ce sojoji sun rera ta a 1863. Wasu kuma suka jingina ta ga wata Frankie ɗin daban, Frankie Silver, wata matashiyar matar aure farar fata a jihar North Carolina. Ita an same ta da laifin kashe mijinta Charles da gatari a watan Disamba na 1831, aka rataye ta a garin Morganton ranar 12 ga Yuli, 1833, ta bar 'yar ƙaramar yarinya. Dokar wancan lokaci ba ta yarda wanda ake tuhuma ya ba da shaida da bakinsa ba, don haka ta mutu kotu ba ta ji nata ɓangaren ba.

Sai dai in kin duba da kyau, labarin Frankie Silver na miji da mata ne a ƙauye cikin duwatsu, babu mashaya, babu bindiga, kuma ita tana da tata waƙar daban. Sannan ba a fito da wata takarda da aka buga kafin 1899 mai ɗauke da wannan waƙa ba. Ga kuma sunayen Albert da Alice a tsofaffin rassan, waɗanda suka yi daidai da mutanen titin Targee. Abin da hankali zai ɗauka shi ne, mawaƙa sukan ari tsohon kari da tsofaffin baitoci su ɗora sabon labari a kai, kamar dai yadda kuke yi da waƙar gaɗa a dandali, ku cire sunan wance ku sa na wance. Ku riƙe wannan gardamar ma, domin ita ce za ta zo ta kayar da Frankie Baker a ƙarshe.

MAI SUNAN KUMA FA?

Duk wannan bidiri da ake yi, mai sunan tana raye tana ji. Kotu ta sake ta, amma gari bai sake ta ba. In ta fito titi sai a bi ta da waƙa. Da abin ya ishe ta, a 1901 ta tattara nata ya nata ta koma birnin Omaha a jihar Nebraska. Ashe gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago, waƙar ta riga ta isa. Ta sake tashi ta nausa har Portland a jihar Oregon, can ƙarshen yammacin ƙasar, tafiyar fiye da kilomita 2,500 daga St. Louis. A can daga baya ta buɗe ɗan shagon goge takalma, tana neman na kanta a rufe.

Ana nan sai fim ɗin Mae West ya fito, 'yan jarida da 'yan kallo suka gano inda take, suka riƙa yi mata sallama a ƙofar gida don su ga matar cikin waƙa. Ku duba fa, fiye da shekara 30 da faruwar abu, mace ta manyanta, amma kullum ana mai da ita daren nan guda.

Da na kamfanin Republic ya fito sai ta ce ya isa haka. Ta kai ƙara tana neman diyyar dala 200,000 saboda ɓata mata suna. A 1942 aka yi shari'ar a St. Louis, ta dawo garin da ta gudu daga cikinsa ta tsaya gaban kotu ta ba da labarinta. Lauyoyin kamfani suka kawo masana suka ce ai waƙar ta girme ta, Frankie ta cikin fim kuma ba ita ba ce. Ta faɗi shari'a. Wato waƙar da ta hana ta sakat tsawon rayuwa, ranar da ta ce a biya ta sai aka ce ba tata ba ce. Mawaƙa sun ci, masu buga takarda sun ci, masu fim sun ci, ita ko sisin kwabo.

A 1950 aka kai ta asibitin masu taɓin hankali a jihar Oregon, a can ta rasu a 1952 tana da shekara 75. A shekarar da ta rasu ɗin nan aka sake fitar da tsohon faifan John Hurt cikin wani babban kundin waƙoƙin gargajiyar Amurka, sabbin matasa suka ji, suka ɗauka, waƙa ta sake sabon tashe. Titin Targee kansa an daɗe da shafe shi, an yi manyan gine-gine a wurin. Waƙar kuwa tana nan.

Kada kuma mu manta da Allen. Yaro ne ɗan shekara 17, sa'an wasu daga cikin yayyenku, ko mene ne laifinsa rai ne ya tafi. Iyayensa sun rasa ɗa, sannan duniya ta shafe shekara fiye da 100 tana rawa da mutuwarsa, ko sunansa na gaskiya ba a bar masa ba.

TO ƘANWATA, GA AMSARKI

Kin tambaye ni yadda za ki tsayar da waƙa. Gaskiya ɗaya ce, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Frankie ta gwada gudu, waƙa ta riga ta isa. Ta gwada shari'a, ta dawo hannu rabbana. Don haka maganar canza makaranta ki ajiye ta, domin ranar da kika tafi sai a ce ai ga shi nan, da ma gaskiya ce, a ƙara baiti.

Amma kada ki firgita, taki ba irin tata ba ce. Abin da ya raya waƙar Frankie abu biyu ne, jini da kuɗi. Taki babu ko ɗaya, wutar kara ce, abin da ke hura ta kawai shi ne ganin ranki yana ɓaci. Ki shiga ɗakin cin abinci ki zauna ki ci abincinki. Kada ki rama da taki waƙar, don in kin rama kin zama amshi. Ki sami malamar da ke kula da ɗakunan kwananku, ko wata babba da kika yarda da ita, ki faɗa mata sau ɗaya a natse, musamman ƙazafin da aka cusa, domin shi ba abin wasa ba ne, kuma aikinsu ne su tsawatar. In kin je hutu ki gaya wa Mama da bakinki kafin ta ji a bakin wani. Ita kuma ƙawar taki ki neme ta ku biyu ku kashe maganar, in tushe ya mutu rassa ba sa daɗewa.

Sauran ku kuma, da ku nake. Na san a cikin masu karanta shafin nan akwai waɗanda suka taɓa ƙara baiti a waƙar wata, ko suka karɓi labari a ɗaki suka kai aji da ɗan ƙarin gishiri, ko suka tura shi ta waya. Babu wanda ya zauna ya ce bari in haukata Frankie Baker. Wannan ya canza suna, wancan ya ƙara harsashi biyu, wani ya cire wuƙa don ba ta hau kari ba, kowa ɗan kaɗan ya yi, kowa kuma yana ganin wasa ne. Haɗuwar kaɗan-kaɗan ɗin nan ce ta bi mace har kabari. In aka kawo miki labarin wata, ki tuna cewa mai yiwuwa reshe na goma ne ya iso gare ki, kuma mai labarin ba ta nan balle ta ce ba haka aka yi ba. Ya tsaya a kanki.

Abu na ƙarshe, tun da fili namu ne na mata. Duk wannan dogon tarihi daga dare ɗaya ya taso, daren kishi a kan namijin da hankalinsa ya riga ya yi wani wuri. Son maso wani ƙoshin wahala, kuma ba a sayen zuciya da ɗinkin kwat ko da mota. In kin ga so ya fara zuwa da zagi da barazana da ɗaga hannu, ki ja jikinki tun da sauran mutunci, ki gaya wa manya, kada ki jira daren da za a ba da labarinsa ba da bakinki ba.

Ƙanwata, ina jiran wasiƙarki bayan hutu in ji yadda aka kwashe. Sauran kuma ku ci gaba da rubutowa, ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Antinku